Sunan da Na Bari Aka Cire wa 'Yata

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni matashiyar tela ce mai ɗan shago a Tina Junction, mijina kuma yana sayar da katako a kasuwar Katako. Mace ce ni mai gudun rigima, abin da ya cuce ni ke nan. Ba zan kama sunan kowa ba sai guda ɗaya, don shi ne labarin: Bridget, sunan mahaifiyata. Ta samo shi daga wata sista 'yar ƙasar Ireland da ta yi jinyarta a asibitin mishan tana jaririya. Sistar ce ta gaya wa kakata cewa a yarensu yana nufin maɗaukakiya, mai ƙarfi, kuma a ƙasarsu da wuya ka shiga gida ba ka same shi ba. Mu ma nan ya bazu, ajinmu na firamare Bridget uku ne.

Da na haifi 'yata ta fari, a farkon shekarun dubu biyu, na yi wa Mama takwara. Zo ka ga murna. Ta sayi 'yar akuya ta ce ta takwararta ce, duk ƙarshen wata kuma sai ta hawo mota daga Vom da acca da dankali. Amma yarinyar ba ta cika lafiya ba. Yau zazzaɓi, gobe hannuwa su kumbura, ta yi ta kuka har muryarta ta dishe.

Ana cikin haka ƙanin mijina, wanda bai daɗe da komawa wata sabuwar majami'a ba, ya koyi zuwa shagon intanet. Mutumin da ko kiran waya sai an danna masa, rana ɗaya ya zama masanin ƙasar Ireland. Ya dawo yana cewa ya gano bakin zaren: wai kafin a yi waliyyiya mai wannan suna, sunan wata abar bauta ce ta mutanen can, don haka duk kiran da muka yi wa yarinyar, aljana muke gayyatowa cikin gida. Na ce masa tun farko shi da kansa ya karanta mana cewa ma'anarsa maɗaukakiya, ya ce ai nan tarkon yake. Na ce a kai yarinyar a gwada jininta kamar yadda wata nas maƙwabciyarmu ta ba da shawara, mijina ya ce in bari a fara gyara tushe. Kullum maganar ke nan, a kan tuwo, a kan shayi, har surukata ta daina ɗaukar yarinyar. Na gaji. Na ce su yi yadda suke so. Aka tara masu addu'a a tsakar gida, aka sa mata wani suna, aka hana kowa kiran na farko.

Da Mama ta zo, ta shigo tana kiran takwararta tun daga ƙofa, ƙanin mijin nan ya tare ta da bayani kamar mai wa'azi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta tambaye ni ko ita ma, da ta tsufa da sunan, ta haife mu ta raine mu da shi, sunan aljana take amsawa. Na sunkuyar da kai ina gyara zaren da bai kwance ba. Ta ajiye accar ta koma a motar yamma. Ba ta daina aiko da kaya ba, amma ba ta sake kwana a gidana ba, kuma in ta tambayi yarinyar sai ta ce yaya 'yar taki.

Abin takaici, ciwon ko gezau. Sai da muka ɓata kusan shekara sannan aka yi gwajin, likita ya ce sikila ce, daga jinina da na ubanta. Na jira wani a gidan ya ce a mayar da sunan, ko a je Vom a ba tsohuwa haƙuri. Masanin namu ya ce ai addu'ar ce ta tona ciwon. Ni kuma kunya ta sa na yi ta cewa sai Kirsimeti zan je, har Mama ta rasu.

Daga baya na kai yarinyar kabarin kakarta, lokacin ta fara iya karatu. Ta tsaya tana haɗa baƙaƙen da ke jikin gicciyen, ta karanta sunan, ta ce yana da daɗi, ta tambaye ni me ya sa ban sa mata irinsa ba.

Abin da na koya shi ne, suna ba ya sa ciwo, amma cire shi yana iya raunata mai rai. 'Yan'uwana mata, in yaro ba lafiya ku fara da asibiti, kada ku bar mai guntun sani ya raba ku da iyayenku. Yanzu ina kiran 'yata Bridget, ko mijina yana nan. Sai na kira sau biyu take waiwayowa, wadda kuma za ta ji daɗin kiran ba ta nan.