Malam Ashafa, Likitan Yakuwa

Kullum da hantsi, in ka bi ta bayan kasuwar Kankia, za ka tarar da Malam Ashafa Sada zaune bisa buzu a ƙofar gidansa. Hanya yake fuskanta, ko da yake ba ya shaida mai tahowa sai ya yi sallama. Tsofaffin mata ne suka fi zuwa, kowace da ganyen yakuwa ƙulle a gefen mayafi. Sai ya karɓa, ya shafa bayan ganyen, ya sansana. In ya ji danƙo, ya ce ƙwarin darɓa ne, a jiƙa ganyen bedi, wato dogon yaro, da ɗan sabulu a yayyafa da la'asar. In aka ce ta yi tsawo, ta yi ganye shar amma ta ƙi fure, ya ce taki ya yi mata yawa, ko inuwar dawa ta rufe ta. In furen ke kaɗewa kafin ya ƙulla zoɓorodo, ya tambaya yaushe rabonta da ruwa.

Bana ya ajiye aikin malamin gona, wanda ya kama tun shekarar samun mulkin kai. Ba a yi masa taro ba. Dama auduga da gyaɗa aka ɗauke shi ya duba. Yakuwa shukar mata ce ta gefen gona, babu wanda ya ɗora masa ita. Shi ya ɗora wa kansa.

Mutanen ƙauyen Kaikai ba su manta daminar da ta biyo bayan babban fari ba. Rumbuna wayam, gero bai nuna ba, abin da ya riƙe gidaje shi ne faten yakuwa da 'yar dusa. Ana cikin haka ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, yakuwar ta fara yaushi tana tsaye cikin laima. Malam Ashafa ya turo kekensa cikin taɓo har gonar Nagoggo, wata dattijuwa mai yin daddawar batso da 'ya'yan yakuwa, wadda 'ya'yanta suka tafi ci-rani suka bar mata jikoki. Ya tuge tushe ɗaya. Saiwar ta yi baƙi, tana wari.

"Inna," ya ce, "ruɓa ce ta kama saiwa. Duk wadda ta yi yaushi sai an cire an ƙone, a yi wa ruwa hanya. In ba haka ba, sauran ma za su bi."

"Ka san abin da kake faɗi kuwa, Malam? Wanga ganye shi ne tuwonmu. In tuge abincin jikokina da hannuna?"

"Ba da hannunki ba. Ni zan yi."

Ya naɗe wando ya shiga. Tana tsaye tana kuka, tana kai ƙararsa ga Allah, shi kuwa yana tugewa, bai ɗago kai ba. Fiye da rabin shukar ya cire. Da ya gama ya ari fartanya ya tona wa ruwa magudana. Ya yi mata sallama, ta juya masa baya. Washegari ya dawo da kwandon ganye daga gonar iyalinsa ta Kafinsoli, ya ajiye a zaure ya juya. Haka ya yi ta yi har gero ya nuna, gidansa kuwa ana kwana da rabin ciki.

Ragowar shukar Nagoggo ta tashi, ta yi fure, ta ba da irin da unguwar ta shuka a shekara ta gaba. Amma ba wannan Malam Ashafa ke tunawa ba. Bube yake tunawa, wani Bafulatani da fari ya kashe wa shanu, ya koma noma a bayan Yashe. A wannan daminar shi ma yakuwarsa ta kamu, ya aiko a kira Malam, rafi ya cika ya hana keke wucewa. Ranar da Malam ya samu ya haye, gonar ta riga ta kwanta gaba ɗaya. Bube ya kwashi iyalinsa ya yi kudu, har yau ba a ji ɗuriyarsu ba.

"Da na bar keken na shiga ruwan da ƙafa," haka yake cewa duk sadda zancen ya taso. An sha faɗa masa cewa ruwan zai iya tafiya da shi. Ba ya musu, ba ya kuma yarda.

Malam, kai ne ka goya tankin feshi a gonakin auduga shekara da shekaru, babu abin kare fuska, har maganin ya ci maka idanu. Kai ne ka zauna lokacin da arzikin man fetur ya kwashe samari zuwa Kano da Kaduna da Ikko, gonaki suka koma saura, 'ya'yanka ma suka bi ayari. Ka yarda tsohuwa ta yi fushi da kai don jikokinta su ci. Nagoggo ta rasu ba ta taɓa ce maka sannu ba, kai kuma ba ka taɓa jira ba.

To mu mun ce sannu. Mun gode, likitan yakuwa. Allah ya saka maka da alheri, ya sanyaya maka zuciya a kan Bube, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma samarin Kankia da Kusada da kuka rage a gida, har yanzu ba a turo wani a madadinsa ba, kuma abin da ya sani yana cikin kansa ne kawai. Ko mutum ɗaya ne a cikinku, ya je ya zauna kusa da shi ya koya tun yana iya magana. Damina ta kusa, ƙwari kuwa babu wanda ya gaya musu Malam ya ajiye aiki.