Shuwakar Yayar Inna

Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, ba a yanke mana jiha ba tukuna, ina kai atamfa da zare kasuwar Dukku daga Kontagora. A Dukkun yayar mahaifiyata take aure, muna ce mata Iya, kuma ta daɗe a kwance. Inna kuwa, mahaifiyar tawa, yanar ido ta fara rufe mata gani, ba ta iya hawa motar katako, sai dai in kai gaisuwa in kawo gaisuwa.

A danginmu mace ba ta sayen shuwaka. Wajen 'yar'uwa take karɓar itacen, ta dasa a bakin rariyar makewayi inda ruwa ke bi kullum. Ta Inna awaki suka cinye har ƙasa. Sai ta ce, "Kai, in ka je ka ce wa Yaya ina son irin tata."

Na tarar da Iya ko kai ba ta iya ɗagawa. Da hannu ta nuna min bayan ɗaki. Rani ne, an tsinke ganye an bar sanduna tsaye jikin shinge. To ni, don Allah, ina na san shuwaka in ba a cikin kwano ba? Na ɓare bawon ɗaya na lasa, ɗaci kamar zai tsinke min harshe. Na ce shi ke nan, ita ce. Direba yana ta danna oda, na sara, na naɗe a tsumma, na yi gaba.

Kafin ruwa ya sauka Iya ta rasu. Inna ba ta je ba, ba ta ga komai nata ba, ko zani ba a aiko mata ba. Sandar nan kaɗai ta samu, ta dasa ta. Da ragowar ruwan alwala take ba ta sha, ta lalluba ta shafa tohon, ta ce, "Shuwakar Yaya ta kama." Akuya ta matso wajen kuwa, ranar unguwa sai ta ji muryar Inna.

Matata ce ta fara ja na gefe. "Malam, wannan fa ba shuwaka ba ce. Ganyen shuwaka dogo ne, ba tsagi. Dubi wannan, yatsu-yatsu kamar na rogo." Na hau ta da faɗa, na ce yaushe ta zama boka. Faɗan tsoro ne kawai, don ni ma na riga na fara shakka. Abin ya yi ta tsawo har ya wuce katanga. Da damina ta ja baya sai ya fashe da fure, rawaya shar, kowanne ya kai tafin hannu. Na shuwaka kuwa fari ne, ƙanana. Yara suna wucewa suna tsinka, ba wanda ya san sunansa.

Wallahi na daina son shiga tsakar gida. In na ji tana cewa "shuwakar Yaya" sai in fice waje. Na ƙudurta zan koma in saro ta gaskiyar in kawo mata.

Na koma Dukku, na tarar an raba gidan. Inda shuwakar take an tone, an kafa rumbu. Na tsaya kamar wawa. Ga mai rawayan furen can yana ta yabanya a shingen da ya raba gidan Iya da na maƙwabta, shi ba wanda ya taɓa shi.

Da na dawo na durƙusa gaban Inna na faɗa mata komai. Na so ta zage ni, da na ji sauƙi. Ba ta zage ni ba. Ta daɗe tana murza ganyen a yatsunta, sannan ta ce, "Amma dai a gidan Yaya ka saro shi ko?"

Na ce, "A jikin shingenta, Inna."

"To ita ta dasa shi ke nan. Kada kowa ya sare min."

Ta ɗauki buta ta lalluba wajen itacen. Na bi ta da ido. Shingen nan na gida biyu ne, kuma har yau ban san ta wane gefe na sara ba.