Ranar da Aka Nome wa Mai Bokiti Ciyawarta

Duk unguwar ba mai kiranta da sunan yanka. Mai Bokiti ake ce mata, yara su ƙara da Iya, don in ka gan ta ba bokiti a hannu, to ka tambaya ko lafiya. Shara da goge-goge ta yi a wani asibiti tun tana goyon fari har furfura ta fito mata, aka sallame ta da sannu da ciwon baya. A can ta fara ganin ciyawar da ake shukawa da gangan, a ba ta ruwa, a yi mata aski. Marasa lafiya na zube a kan siminti suna kallon ciyawa, ba dama su taka. Abin ya daɗe yana ci mata rai.

Mijinta tela ne. Ba a jima da barinta aiki ba ɓarin jikinsa ya shanye. Likita ya ce ƙafar za ta dawo in zai riƙa takawa kullum. Tela ya gwada a tsakar gida, ya zame, goshinsa ya fashe a kan siminti. Tun daga ranar ya lafe a kujera kusa da keken ɗinkinsa, ya ce shi da tafiya an raba gari.

"Ke dai so kike ki ga na ƙarasa," in ji shi.

"Da ƙarasawarka nake so, Malam, ai sai in bar ka a kujerar nan. Ita za ta yi min aikin."

Ta ga irinsa da yawa a asibiti. Ƙafar da sauran ƙarfinta, faɗuwa yake tsoro. In ba a samo masa inda zai faɗi bai ji ciwo ba, a kujerar nan zai ƙare.

A bayan layinsu akwai wani fili da hukuma ta kewaye da waya, ta dasa 'yan bishiyoyi, ta girke benci, ta kafa allo wai wurin shaƙatawa. Aka ɗauki hoto, aka watse, ba a sake ganin ƙeyar kowa ba. Wurin shaƙatawa! Ƙasa kamar dutse, fasassun kwalabe, leda ta rataye a waya kamar shanya. Manyan maza da gemunsu suna wucewa ta gefe suna tsaki, ba wanda ya taɓa duƙawa ya ɗauke ko kwalba.

Mai Bokiti ta koma asibiti wajen mai kula da furanni, ta roƙo buhun ƙiri-ƙiri, ciyawar nan mai yaɗo a ƙasa. Ta zaɓi kusurwar da ke tsakanin benci da wata bishiya, ta tsince kwalabe, ta sassaƙe ƙasa, ta bi tana dasawa a duƙe, ga ciwon baya. Ruwan ɗauraya na gidanta bai ƙara zuwa kwata ba, bokiti bokiti take kai shi. Ba ta yi wa kowa bayani ba, don ita ba ta iya zaman bayani. Ciyawa ta kama, ta yi faɗin tabarma, ta yi faɗin ɗaki. Tela ya ce ran da ta haɗe daga benci zuwa bishiya zai gwada. Ya faɗa ne don yana ganin ba za ta haɗe ba.

Saura kaɗan ta haɗe, sai mazan unguwa suka tuna da tsafta. Wata safiya ta tafi karɓo wa Tela magani, suka fito da fartanya da shebur. Jagoransu ƙanen mijinta ne, Direba, mutum mai son a yaba masa. Da ta dawo ta leƙa filin, sai ta ga jar ƙasa fayau. Ciyawarta na tsibe a gefe, Direba na tsaye a kanta yana lalubar ashana.

"Matar yaya, sannu da dawowa! Zo ki sa mana albarka, yau mun hutar da ke."

"Ina ciyawata?"

"Mun nome ta tas. Kullum muna ganinki a duƙe kina fama da ita ke kaɗai, muka ce kai, yau maza su shiga."

"Fama? Ruwan da nake jidowa fa, wanka kake zaton ina yi a nan?"

"Mun ɗauka bishiyar kike ba wa," in ji mai shagon bakin layi, yana ɓoye fartanya a bayansa.

Direba ya yi dariya. "Haba matar yaya, ƙiri-ƙiri ce fa. Wa ke shuka ƙiri-ƙiri da hankalinsa?"

"Ni. Kai kuma ƙiri-ƙiri ka zo da rana tsaka ka kashe min ita. Filin nan ya shekara nawa yana wari ba ku gani ba? Sai da abu kore ya fito idonku ya buɗe? Ajiye ashanar nan kafin in sa ka haɗiye ta!"

Ya ajiye. Duk cikinsu ba wanda bai tashi a gona ba, kuma ɗan gona in ya ga ciyawa hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Bai taɓa zuwa musu a rai ba cewa mutum zai yi renonta.

Ta ce, "Yayanka ne zai koyi tafiya a kai. A nan in ya faɗi ba zai fashe ba. Yanzu je ka gaya masa da bakinka."

Direba ya tsuguna, ya zaro ɗan guntu daga tsibin, ya juya shi a hannu. Ga gaɓa, ga 'yan saiwoyi farare.

"Kika ce na kashe ta? Wannan 'yar banzar? Ni da yaya a gonar Baba muka ƙare ƙuruciyarmu muna yaƙi da ita, ita ta ci. Duk guntun da ka sare, kansa yake tsirowa. Ai iri muka yi miki."

"To ga fili ga fartanya. Da ita kuka ɓata, da ita za ku gyara."

Ta hau benci ta zauna, ta harɗe ƙafa. Rana na dukansu suka sassaƙe filin tun daga ƙofa har ƙarshen waya, suna dasa abin da suka nome da safe. Mai shago na cewa in mahaifinsa ya ji yana shuka ƙiri-ƙiri, sai ya tsine masa. Ta ce ya dasa tukuna, tsinuwar ta same shi a duƙe. Kafin su watse ta ɗora wa kowane gida bokitin ruwa kullum, ba wanda ya yi musu.

Ruwan sama ya sauka ya taya su. Filin ya rufe, mata suka fara fitowa da yamma da tabarmi, tsofaffi suka dawo da hirarsu kan benci. Direba da kansa ya riƙo yayansa har bakin ciyawar. Tela ya tsaya yana kallo.

"Yanzu a kan abokiyar gabata za ki ɗora ni?"

"Ai ka samu damar taka ta. Cire takalmi."

Ya cire. Ya taka, ya ja ɗayar ƙafar, ya sake takawa, sai ya tafi luu ya zube. Maza suka zabura.

"Kada wanda ya taɓa shi!" in ji Mai Bokiti.

Tela na kwance, ya shafa goshi, ya duba hannu, ba jini. Ya jawo sandarsa, ya dafa gwiwa, ya yi nishi, ya miƙe. Mai Bokiti na tsaye a gabansa.

Ya ce, "To matsa mana, kin tare min hanya."