Kaset ɗin Bikin Mitică

A birnin Craiova duk wanda ya san kayan sauti ya san Anghel. Dogo ne, siriri, ga zafin kai. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gyaran rediyo, tsufa kuwa ya same shi yana hidimar wasu lasifikoki biyu da suka kusa kai shi tsayi. Ɗaki guda ya ware musu, ba a shiga da takalmi, ba a tari in faifai na juyawa. Dokarsa ɗaya ce, ko matarsa Florica ba ta isa ta taka ta ba: manele, kiɗan gidan biki da 'yan tasi, ba zai hau injinsa ba.

"Wannan ai hayaniya ce," in ji shi. "Mutum ya saka ta nan, ya ci mutuncin inji."

Florica sai ta yi dariya ta ce, "To, mai kunnen zinariya, mu talakawa mun koma kicin." Can take naɗe kabeji da nama, 'yar rediyonta na ƙara, tana kaɗa kafaɗa ita kaɗai.

Bara ta rasu. Gidan ya yi tsit, irin shirun da Anghel ya daɗe yana nema, amma wallahi sai ya hana shi sukuni.

Ran nan 'yarsu Sanda ta zo da wani tsohon kaset na bikin kawunta Mitică. A irin wannan biki mutum kan je gaban mawaƙi, ya manna masa kuɗi, ya faɗi wanda yake so a ambata. Florica ma ta je, kuma duk duniya babu inda muryarta ta rage sai nan.

"Baba, rediyon kicin ta fara cin zare," in ji Sanda. "In na sake sakawa, shi ke nan, Mama ta tafi gaba ɗaya. Dama gunaguni kawai nake ji. Naka ne zai fito da ita."

Ya dubi kaset ɗin, ya dubi injin. "Manele ne fa."

"Mama ce fa!"

Ya karɓa ya saka. Kiɗa ya cika ɗakin, kuma abin haushi, ya yi daɗi: har numfashin mai busa ake ji. Da kiɗan ya lafa, injin ya fito da abin da 'yar rediyo ta sha haɗiyewa. Muryar Florica ce, tar, tana haki saboda rawa.

"Mai waƙa, don Allah ambaci maigidana, Anghel, ya zo mu taka."

Wata mata ta ce, "Haba Florica, ai yana waje cikin mota, wai mun ishe shi."

"Ambace shi dai da ƙarfi. Ƙila ya ji ya shigo."

Mawaƙin ya kwarara sunan, ya sake, jama'a na tafi suna jira. 

Sanda ta share hawaye, tana murmushi. "Kai, Baba! To ka shigo kuwa?"



"Na ji kiran a ranar," in ji shi. "Gilashin motar na ɗaga."