Ranar da Rabi ta wanke duro

Har yau ban manta da wata Talata cikin damina ba, shekara guda kafin in yi ritaya. Ku da kuka zo koyon aiki, ku matso ku ji. Ni ba ofisa ba ce, shara nake yi, karatuna bai wuce aji uku ba. Amma da yake ina jin Hausa da Tuwi, yaren 'yan ƙasa a nan, ni ake ɗauka tafinta in za a shiga Zongo, unguwarmu ta Hausawa.

Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Mai son zama duba-gari, wanda a nan muke cewa tankas, sai ya gama sakandare, ya shiga makarantar tsafta, sannan a turo shi wajenmu gwaji. Ranar ƙarshe babban ofisa zai bi shi gida-gida yana ba shi maki. In an ga 'ya'yan sauro a ruwa, karon farko takardar gargaɗi ce, karo na biyu sammacin kotu.

Ɗalibar ranar Rabi ce, 'yar Zongonmu, mai kai kamar me. Gida biyar ta duba babu kuskure. Na shida gidan Mma Hawa ne, wadda mijinta ya rasu bai cika wata biyu ba. Na san tana takaba, na kuma san an taɓa ba gidan gargaɗi. Ya kamata in ce a tsallake. Na yi shiru, don ofisan sabo ne, ina tsoronsa.

Rabi ta tuɓe takalmi, ta durƙusa ta yi gaisuwa. Tsohuwa ta ce, "A'a, Rabi ce cikin kaki? Ke da nake goyo kina min fitsari?" Duk muka yi dariya, ban da ofisa.

Rabi ta tsoma ludayi a duron ruwan gidan, ta ɗago. Ga 'ya'yan sauro nan suna wutsil-wutsil.

Ofisa ya ce da Tuwi, "Rubuta."

Ta ce, "Masta, tana takaba. Sai ta yi wata huɗu da kwana goma za ta fita. Ta yaya za ta je kotu?"

Ya juyo gare ni: "Maame, wannan yana cikin doka?" Na ce a'a, amma yana cikin addini. Ya ce shi doka aka aiko shi ya gwada.

Rabi ta ajiye littafin a kan turmi, ta naɗe hannun riga, ta kifar da ruwan, ta wanke duron tas da soso, ta rufe. Mma Hawa tana ta sa mata albarka, ba ta san abin da ake ciki ba. A ƙofar gida ofisa ya ce, "Tankas ba ya wanke duro. Rubutu yake yi." Ya ja layi a takardarsa.

Aka ce ta maimaita shekara. Ba ta koma ba. Yanzu wake da shinkafa take sayarwa a tashar mota ta Sofoline, abincinta a rufe, ruwan wanke hannu a gefe. Tankas ɗin wajen ba su taɓa samun abin rubutawa a kanta ba.

Abin da na koya, aikin nan bai san makoki ba, mutanenmu kuma ba su san takarda ba. Don haka in za a gwada ku, ku roƙa a kai ku unguwar da ba wanda ya goya ku. Ni kam ko na je Sofoline, ta tsallaken titi nake bi, don kunyar haɗa ido da Rabi.