Bencin Baya Na Rabi

Da safiyar nan labarin ya same ni, ko shayi ban haɗa ba. 'Yar Rabi ce ta kira. Ta ce jiya da la'asar mamarta ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, yanzu suna asibiti a Gusau, ɓarin jikinta ya shanye kuma ba ta magana.

Rabi ba ta magana. Sai da na sa yarinyar ta maimaita.

Yanzu haka ina cikin mota mun baro Funtuwa, a waya nake rubutu. In kun ga kuskure a rubutun nan ku yi haƙuri.

Waɗanda muka yi makarantar kwana tare a ƙarshen shekarun casa'in, lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, kun san wadda nake nufi. Rabi 'yar Tsafe, doguwa, mai wushirya. Ita ce in an kawo mata ƙuliƙuli da yaji ranar ziyara, kafin magariba ta rabar. Ranar da aka sace min bokiti, sati uku muna wanka da nata, ban ji ta faɗa wa kowa ba.

Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni yau ba.

Malamar ajinmu tana da wata doka. Zama bisa sakamako ne: ta ɗaya a bencin gaba, ta ƙarshe can jikin bango. Madam Layi muke ce mata a ɓoye. Duk farkon zango za ta tsaya da takarda tana kiran suna, kowa ta ɗauki jakarta ta nufi inda ƙwaƙwalwarta ta kai ta.

Ni kuwa kullum baya nake yi. Allo ya zame min kamar an shafa masa koko, ina ganin fari-fari amma ba na ganin harafi. Wallahi ban san ciwon ido ba ne. Na ɗauka haka kowa yake gani, su dai sun fi ni kai. Na taɓa matsawa gaba in kwafi lissafi, Madam ta zuba min bulala biyu ta ce in koma matsayina.

Ga shi Baba ya riga ya yanke magana tun a garinmu Rawayya: in aka ce in maimaita aji, in haɗo akwatina gaba ɗaya. Baba ba ya magana biyu. Zango ɗaya ya rage min. Ko abinci na zauna ci, da na tuna sai in ture kwanon.

A zangon nan ne Rabi ta lalace. Haka muka ce.

Yarinyar da ba ta taɓa barin bencin gaba ba, sai ga ta da surutu kamar an kunna rediyo. Monita ta rubuta sunanta sau ɗaya, sau biyu, sau uku. A dokar Madam, sau uku yana nufin yankan ciyawa na sati guda da komawa bencin baya har ƙarshen zango. Na ga tafin hannunta bayan satin nan, duk ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe.

Aka ajiye min ita a gefena.

Kuma ba ta daina ba. Duk abin da malami ya rubuta a allo, sai ta riƙa karanta shi ƙasa-ƙasa tana kwafa, har da waƙafi da aya. Abin ya riƙa ba ni haushi. Na sha zungurinta in ce, "Don Allah ki rufe mana baki." Sai ta ce, "Haka nika karatu, in ba ki so ki toshe kunne."

Ban toshe ba. Ina tsaki ina rubuta abin da take faɗa.

A ƙarshen zangon na dawo tsakiyar aji, ban maimaita ba. Hutun da ya biyo baya kawuna na Gusau ya lura da yadda nake ƙanƙance ido, ya kai ni aka yanka min gilashi. Daga nan na ci gaba da abina, har na zama malamar da nake yau. Shekara da shekaru ina ba ɗalibaina labarin yadda na dage na fitar da kaina daga bencin baya. Ni kaɗai, wai.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bayan babbar sallah ce, a Bunguɗu, wajen bikin 'yar wata 'yar ajinmu. Muna zaune a tabarma ana cin waina, na ɗauko tsokanar da na saba. Na ce, "Ga Rabi sarkin surutu, wadda ta yi wa makaranta aikin gayya da lauje."

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Sai ta matso kusa da kunnena ta ce, "Ke Hajara, tun da anka sa miki gilashi, kin ƙara jin monita ta rubuta ni?"

Na tsaya da waina a hannu.

Ta ce, "Na hwaɗa ma Madam ba ki gani, ta ce wayon neman bencin gaba ne. To mi zan yi? Ke ba a bari ki taho gaba, sai ni in tai baya."

Kun san abin da na yi? Dariya na yi. Na ce, "Kai Rabi, ba ki da dama." Kunya ce ta rufe ni, da wani banzan girman kai. Direbanmu ya yi hon, na ce mata za mu yi waya.

Wata huɗu ke nan. Sau da yawa ina ɗauko lambarta in ajiye, ina cewa maganar ta fi ƙarfin waya, sai na je gidanta a Gusau takanas. Kullum sai wani satin.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Ina tsoron waya ta yi ƙara kafin mu isa. Duk tsayawar da direban nan zai yi ya ɗauki fasinja, ji nake kamar in sauka in ruga da ƙafa. Yanzu muka wuce Tsafe, na ga kwanar gidansu, na kasa kallo.

Na tambayi 'yarta ko tana gane mutane. Ta ce in an kira sunanta tana motsa yatsu.

Ya Allah, Kai ne mai warkarwa. Ka tashi kafaɗun Rabi, Ka mayar mata da bakinta da ƙafafunta, Ka sa wannan ciwo ya zama kankarar zunubi. Ka saka mata da abin da ni na kasa saka mata.

Ku da kuka karanta, ko kun san ta ko ba ku san ta ba, don Allah ku sa ta a addu'a yanzu, kada ku bari sai an jima. Ku roƙa min ni ma in same ta tana ji. Zan zauna a gefenta in faɗa mata ƙasa-ƙasa, yadda ta riƙa yi min.