Maɓalli na Biyu a Rigar Ceferino

A watan Agusta na shekarar 2009 ne Fulgencio Ortigoza ya fara sa ƙafa a gidan Ña Saturnina, can bayan makabartar Carapeguá, inda kwalta ta ƙare jar ƙasa ta karɓa. Gyaran keken ɗinki ne ya kai shi, sana'ar da ya gada wurin ubansa. Shekarunsa arba'in da shida a lokacin, nata tamanin da ɗaya. Idanunta sun riga sun dushe, ba ta rarrabe fuska, amma babu abin da ke ɓace wa yatsunta.

Fulgencio mutum ne da ba ya zama. A tsaye yake cin abinci. Ko a coci ƙafarsa rawa take yi har benci ya ɗauka, na kusa da shi su yi ta hararar sa. Babur ɗinsa ya san kowace hanya daga Carapeguá zuwa Ybycuí, kuma ba keke kaɗai ke fitar da shi ba. Ya daɗe da lura cewa gidan da ke da tsohon keke yakan kasance da tsohon akwati, a tsohon akwati kuwa ake samun kayan Yaƙin Chaco, wanda ƙasarsu ta gwabza da Bolivia a zamanin kakanni. Shekara ashirin yana tara su: huluna, ɗamara, adduna, barguna, cokulan da aka sassaƙa sunaye a jikinsu. Ya cika ɗakin da matarsa Eulogia ta so ta mayar na baƙi, kowane abu da 'yar takardarsa, da ranar da ya samo shi. A kan ƙusa, saitin ƙofa, gorar ƙarfe ta kakansa ke rataye, wadda tsohon ya dawo da ita daga Chaco a lotse ta gefe ɗaya. Yana da shekara tara aka ba shi ita, kuma daga ita sauran duka suka biyo.

Masu tara irin kayan nan suna da ƙungiya, su ashirin da wani abu. Kowace ranar ashirin da tara ga Satumba suna sa kaki, su yi fareti, sa'an nan su rabu biyu a filin ƙwallo su kwaikwayi gumurzun Boquerón. Fulgencio ne mai duba kaya. Shi ke bin layi yana ƙirga maɓallai, yana ƙwace agogon hannu, yana korar mai takalmin roba. Ba wanda ke son sa a ranar, amma ba a taɓa yi musu dariya a hoto ba.

Da ya gama da keken, Ña Saturnina ta zaunar da shi gindin mangwaro. Ta cika ƙaho da ganye, ta zuba ruwan sanyi, ta miƙa masa tereré, shayin sanyi da ake zagayawa da shi a ƙaho ɗaya. Ya zuƙe, ya mayar, ta zuba nata. A zagaye na uku ya yi tambayar da yake yi a kowane gida.

"Ña Satú, maigidan nan ya je Chaco?"

"Ceferino? Shekara uku ya yi can. Ƙishirwar can ce ta sa har ya mutu bai yarda a zubar da ko ruwan wanke rogo ba."

Ta sa ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Rigar sojan Ceferino na ciki, koriya, ta koɗe a kafaɗa, tana warin kafur. Fulgencio bai taɓa riƙe cikakkiya irin wannan ba. Ya nemi saya, ta yi dariya. Ya nemi aro na ranar fareti kawai, ta shafa wuyan rigar.

"Ceferino zai so ta sha iska," ta ce. "Ka ɗauka, ɗana. Ka dawo min da ita yadda ka ɗauke ta."

A gida ya shimfiɗa ta a tebur, nan take idonsa ya faɗa kan maɓalli na biyu. Sauran huɗun na ainihi ne. Wannan kuwa na tagulla ne, da tambarin Bolivia a fuskarsa. Kunnensa na baya ya karye, wani ya huda shi wuri biyu da ƙusa, ya ɗinke da zaren buhu.

"Dubi ɓarna," ya ce. "Maɓallin abokan gaba a ƙirjin sojanmu."

Eulogia na kwaɓa chipa, burodin rogo, ba ta ko ɗago ba. "Janar, rigar ba taka ba ce."

"Gyara zan yi mata. Na kori mutane a kan abin da bai kai wannan ba, sai ni in fito da shi?"

"To, ranka ya daɗe. Ni dai na faɗa."

Ya yanke shi da reza, ya ɗauko na daidai daga gwangwaninsa ya ɗinka. Washegari ya ɗauki mai hujin ya ba Anacleto mahauci, wanda kullum ke fitowa a ɓangaren Bolivia, shi kuma ya ba shi kan ɗamara a madadinsa. Faretin shekarar ya yi kyau ƙwarai. Har daga Asunción aka zo ana taɓa hannun rigar.

Ranar ɗaya ga Oktoba ya mayar da ita a goge, yana jiran yabo. Ña Saturnina ta ɗora ta a cinya, yatsunta suka gangaro daga wuya. A na biyu suka tsaya.

"Ina na mutumin Oruro?"

"Na wa, Ña Satú?"

Ta ba shi labarin ba tare da ɗaga murya ba. Ranar da aka tsayar da wuta, da tsakar rana, sojojin ɓangarorin biyu suka fito daga ramukansu suna kallon juna. Aka fara musayar taba da wuƙaƙe. Wani ɗan Bolivia, leɓɓansa duk sun tsage, ba shi da abin bayarwa. Ceferino ya miƙa masa gora, ya sha. Mutumin ya fizge maɓallin rigarsa har kunnen ya karye, ya ba shi, Ceferino ma ya cire nasa na biyu ya ba shi. Ko sunan juna ba su ji ba, sai dai mutumin ya yi ta nuna ƙirjinsa yana cewa Oruro, sunan garinsu.

"Kowace shekara idan ranar ta zagayo, sai ya fito da rigar ya riƙe maɓallin, ya ce, ko yana raye. Bayan ya rasu ni nake riƙewa." Ta ninke rigar. "Ba komai, ɗana. Ba ka sani ba."

Ta cika ƙaho ta sha. Ta sake cikawa ta sha. Fulgencio na zaune a gabanta, hannunsa a shirye kan gwiwa, ƙahon bai zo ba. A Carapeguá ko ɗan kamasho da ya biyo ta ƙofa ana miƙa masa. Ya tashi ya yi sallama.

Kai tsaye ya wuce rumfar Anacleto.

"Maɓallin nan? Haba, mutumina, na juye shi cikin leda da wasu wajen talatin, na ba wani a taron Asunción. Bargo na karɓa."

"Wane ne?"

"Wani dogo, mai gemu."

"Rabin masu tara kaya dogaye ne masu gemu, Anacleto."

"To kai da ka ce shara ne? Yau kuma ya zama zinariya?"

Daga nan ƙafar Fulgencio ba ta ƙara hutawa ba. Duk inda masu tara kaya suka baje tebur, yana can: Asunción, Villarrica, Concepción, sau ɗaya har Encarnación, awa biyar a mota. Ba ya kallon huluna, ba ya kallon adduna. Kwanon maɓallai yake nema, ya juye a tafin hannu, ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ga haske yana neman huji biyu. Kekunan mutane suka taru a shagonsa ba gyara. Eulogia ta ce da ta san da maɓalli za a yi mata kishiya, da tela ta aura, aƙalla shi yana kwana gida.

Bayan shekara guda ya gaji. Ya sami wani irinsa sak, ya karya kunnen, ya huda da ƙusa, ya binne shi mako uku a ƙasa mai laima, ya kai mata. Ta murza shi tsakanin yatsu biyu, ta miƙo masa abinsa.

"Bakin hujin nan da kaifi. Na Ceferino ya yi santsi kamar ƙwayar masara. Kada ka wahalar da kanka, ɗana, kuma kada ka wahalar da ni."

Ya fi jin kunyar wannan rana a kan ta farko. Duk da haka bai daina zuwa ba. Duk wata uku yana sa wa kekenta mai, tana gaishe shi, tana tambayar Eulogia, tana shan tererenta ita kaɗai. Kowane zuwa kuma sai ya ga ta ƙara ƙanƙancewa a kujera.

A watan Agusta na 2012 ya gan shi. Haƙori ne ya kai shi wurin Dakta Heriberto Zarza a Asunción, wanda shi ma mai tara kaya ne, sun sha haɗuwa a taro. A ɗakin jira akwai akwatin gilashi, a jere na ƙasa kuma, tsakanin tsabobi, ga maɓallin tagulla da huji biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma. Da mai wayo ne, da ya yi kamar bai gani ba, ya tambayi farashin wani abu dabam. Fulgencio durƙusawa ya yi, ya manna goshi a gilashin.

Dakta ya fito yana goge hannu. "Karai Ortigoza, ciwon ya sauko gwiwa ne?"

"Dakta, nawa za ka sayar min da wancan?"

"Ni ba na sayarwa, ka sani. Musaya nake yi." Ya dube shi ta saman tabarau. "Gorar nan ta kakanka tana nan? Sau huɗu ina tambayar ka."

"Gora sukutum a kan maɓalli mai huji?"

"Maɓallin da ya durƙusar da mai duba kayan Carapeguá. Ka je ka yi tunani. Buɗe baki tukuna."

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana kai da komo tsakanin shago da ɗakin kaya. Ya sauke gorar, ya mayar. Ya aika wa Dakta jerin wasu abubuwa bakwai, har da madubin hangen nesa na hafsa, amsa ta dawo da kalma ɗaya: gora. A rana ta goma sha biyu Eulogia ta dawo daga kasuwa ta ce Ña Saturnina ta faɗi a bakin rijiya, ba ta karye ba, amma yanzu sai an ɗaga ta.  Da asuba Eulogia ta ji tashin babur, da ta leƙa ɗakin kaya ta tarar da ƙusa ba komai a kanta. Ba ta yi masa ba'a a kan wannan ba, ko sau ɗaya.

Ranar huɗu ga Satumba ya isa bayan makabarta da jakar aikinsa. An fito da ita gindin mangwaro, da bargo a ƙafa, tulun ruwan sanyi a gefenta. Ya sa wa keke mai kamar kullum, sa'an nan ya ce lokacin asu ya yi, bari ya kaɗe rigar Karai Ceferino ya sake mata kafur.

"Ka san inda take," ta ce.

Ya zauna a bakin ƙofa, ya juya mata baya. Ya yanke maɓallin da ya sa shekara uku da suka wuce. Zaren da ya zo da shi, daga wani buhun gari na zamanin yaƙin ya zare shi, cikin kayansa. Ya fito da na mutumin Oruro ya ɗinka, yana bin tsofaffin ramukan allurar Ceferino, guda shida, bai buɗe sabo ba. Da ya gama ya kaɗe rigar da ƙarfi don a ji, ya fara ninkewa zai mayar akwati.

"Miƙo nan. Kai ba ka iya ninki ba, hannu kake karya mata."

Ya miƙa. Yatsunta suka gangaro daga wuya, suka tsaya a na biyu. Ta daɗe tana zagaya hujin da babban yatsa, ƙaramin, sa'an nan babban. Fulgencio ya sunkuya yana tattara sukurdirebobinsa, yana jera su a jaka, yana sake jerawa.

Ba ta tambaye shi inda ya samo ba, shi ma bai faɗa ba. Ta bar rigar a cinyarta. Ta laluba tulu, ta cika ƙaho, ta miƙa hannu wajen da take jin motsinsa.

"Zauna mana, ɗana," ta ce. "Ruwan zai huce."